Tambaya da Amsa: Ƙasar Yahudawa a Alƙaluman Marubuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi daga unguwar Gwale. Kullum a bakin 'yan siyasa muke jin zancen ƙasar da Yahudawa ke kira tasu. Shin yaya marubutan adabi suka siffanta ta tun daga zamanin da?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara lura da cewa na farkon cikinsu daga nesa suka hango ta. A Zabura ta cikin Baibul akwai waƙar waɗanda aka kwashe zuwa Babila bayan rushe Kudus a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, suna kuka a bakin kogi suna tuna garinsu. Wanda ya kai wannan bege ƙololuwa shi ne Yehuda Halevi, mawaƙin Andalus da ya rasu a 1141, wanda ya tsara waƙoƙinsa da Ibrananci a kan ma'aunin waƙar Larabawa, yana cewa zuciyarsa tana gabas alhali shi yana can ƙarshen yamma. Duk wanda ya saba jin begen Madina a bakin sha'iran Kano ba zai rasa gane wannan murya ba.

A ƙarni na 19 sai salon ya sauya. Mark Twain na Amurka ya ziyarci Falasɗinu a 1867, ya zana ta tamkar kufai. George Eliot ta Ingila ta ƙare littafinta Daniel Deronda na 1876 da jarumin littafin, wanda Bayahude ne, yana shirin tafiya gabas don farfaɗo da al'ummarsa, sannan Theodor Herzl, jagoran fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, ya ƙago ƙasa ta zamani a littafinsa na labari Altneuland a 1902. A ganina nan ne gurguncin yake, domin Larabawan da ke noma a ƙasar ba su da ta cewa. Balaraben da Herzl ya sa a labarinsa ma yabon zuwan baƙi kawai yake yi.

Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1948 wannan shirun ya gagara. S. Yizhar, Bayahude da ya halarci yaƙin, ya fitar da Khirbet Khizeh a 1949, inda soja yake ba da labarin korar mutanen wani ƙauyen Larabawa, abin yana damunsa. Mahmud Darwish kuwa, mawaƙin Falasɗinawa wanda aka rushe ƙauyensu na Birwa a lokacin yaƙin, ya yi shekaru da yawa a gudun hijira, kuma ya yi ta waƙe ƙasar har ya rasu a 2008.