A maido da shi yadda yake ko a sauya shi? Amsa ga mai tsohon akwatin wasan arked

Ɗan'uwa, ka ce ka samu tsohon akwatin wasan bidiyo irin mai cin sulalla, an shafe shi da baƙin fenti, monitarsa na kamawa amma hoton ya dushe, allon wasan kuma, wato allon lantarkin da wasan ke ciki, ba ya tashi. Kana tambaya ko ka maido da shi kamar na asali, ko ka kwashe cikinsa ka sa na'ura mai wasanni da yawa. Shawarata ita ce kada ka sayi komai, kada ka huda komai, sai ka gano ko wane akwati ne a hannunka.

Akwatunan nan iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya ƙera don wasa ɗaya tak, da siffarsa da zanensa, kamar Pac-Man na 1980 ko Galaga da Donkey Kong na 1981. Akwai kuma na gama-gari, irin na kamfanin Dynamo, wanda tun farko an yi shi ne don a riƙa canja masa wasa. Abin da ke rikita mutane shi ne masu gidajen wasa sun saba ɗaukar na farkon, idan wasan ya daina kawo kuɗi, su shafe shi da fenti su sa sabon allo. Saboda haka baƙin fentin nan naka abin bincike ne. Haska tocila a karkace a jikin gefen, sau da yawa za ka ga shacin tsohon zane. Leƙa ciki ka nemi lambar kamfani ko takardar wayoyi da ake liƙawa a ƙofar baya. Ɗaga farantin maɓallai ka duba ƙasansa: ramukan da aka toshe za su gaya maka maɓalli nawa yake da su tun asali.

Sai ka ƙirga haƙoran mahaɗin da ke shiga allon wasan. Idan 56 ne, 28 a kowane gefe, mai yiwuwa JAMMA ne, tsarin da kamfanonin Japan suka daidaita a kai a tsakiyar shekarun 1980. Akwatin gama-gari mai JAMMA ba shi da wani asali da za ka ɓata, sauya shi cire allo ne da sa wani. Amma ka bi wayoyin wuta da mita kafin ka yarda, domin akwai tsofaffin alluna masu haƙora iri ɗaya da jerin waya daban, kuma bolt 12 a inda ake jiran 5 yana ƙona allo nan take.

Idan ya tabbata na wasa ɗaya ne kuma zanen na nan a ƙarƙashin fenti, ni dai ina ganin asara ce a yanka shi. Na asalin ba a sake ƙera su, kuma ramin da ka huda ba ya komawa. Gwada cire fentin a wuri kaɗan can ƙasa ta baya, da sinadari mara ƙarfi, ka ga ko zanen zai tsira.

Katako shi ne abu na biyu. Kwantar da akwatin ka duba gindinsa. Fale-falen katako da ya ɗan rabu ana ɗura masa gam a matse. Katakon dusa kuwa, wanda aka matse garin itace aka yi, idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, sai a yanke wurin a dasa sabo. Ɓarnar da ba ta wuce tafin hannu daga ƙasa ba, tana gyaruwa. In ta hau har inda monita ke zaune, to aikin ya zama ƙera sabon akwati.

Monita ce nake so ka fi ba hankali, don a nan aka fi yin kuskure. Dushewar hoto ba mutuwa ba ce. Monitoci irin su Wells-Gardner K7000 da Electrohome G07 yawanci kafasitocinsu, ƙananan kayan da ke tara caji, ne suka bushe, kuma ana sayar da su jimla ɗaya daidai da lambar shasin, wato allon lantarkin monitar. A canza su duka, a sake narka dalmar da ta tsage a ƙafafun manyan kaya, a duba filaibak, wato taransifomar da ke samar da babbar wutar monitar, ko ya tsage ko yana tsartar wuta. Abin da ba ya gyaruwa shi ne tabon hoto da ya ƙone a fuskar kwalbar, wato gilashin da ke nuna hoton, da wuyan kwalba in ya fashe. Tabon ma amfani gare shi, don yakan nuna maka wasan da ya fi daɗewa a ciki. Hattara: kwalbar tana aiki da wajen bolt 20,000, kuma tana riƙe caji bayan an zare wuta. Ana sauke cajin ne da sukudireba da aka ɗaure wa waya zuwa ƙarfen firam, a zura ƙarƙashin robar da ke bayan kwalbar, hannu ɗaya kawai, a maimaita. In ba ka taɓa yi ba, kira mai gyaran tsohuwar talabijin. Kada kuma ka cire taransifomar keɓewa da ke ƙasan akwatin, mai raba monita da wutar bango; yawancin waɗannan monitoci ba a haɗa su kai tsaye da wutar bango.

Idan hoton layuka ne zalla masu haske, irin na Asteroids ko Tempest, monitar bekta ce. Wannan kam babu maganar sauyawa, gyara kawai.

Allon da ba ya tashi, fara da wuta. Auna bolt 5 a kan allon kansa, ba a bakin na'urar ba da wuta ba. Ana son 5.0 zuwa 5.1. Ƙasa da 4.8 wasa kan daskare ko ya riƙa sake tashi. Goge haƙoran da abin goge fensir, ka duba ko sun ƙone, ciwon da aka san Pac-Man da shi. Danna cif-cif ɗin da ke cikin soket su zauna. Nemi batiri a kan allon: na allon Neo Geo MVS yana yoyo ya cinye layukan tagulla, a cire shi tun yau. Na allon Capcom CPS-2 kuwa shi ke riƙe mabuɗin sirrin wasan, in ya mutu wasan ba ya tashi sai an sake rubuta mabuɗin, don haka ba a zare shi da garaje.

In ka zaɓi sauyawa, yi ta yadda za a iya komawa. Bar wayoyin asali a wurinsu, ka sa adafta. Adaftan J-PAC yana haɗa kwamfuta da mahaɗin JAMMA ba tare da yanke waya ko ɗaya ba, MiSTer ma, wata ƙaramar na'ura mai kwaikwayon tsofaffin allunan wasa, akwai masa adaftan JAMMA. Yawancin waɗannan monitoci siginar hoto mai saurin kilohaz 15 suke karɓa, kwamfuta kuma tana fitar da 31 ko fiye, musamman lokacin tashi, wanda zai iya lalata shasin. GroovyMAME, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon wasannin arked, da katin hoto da ya dace su ke magance wannan. Akwatunan Nintendo sai ƙarin kula: monitarsu Sanyo bolt 100 take ci, kuma launukanta a juye suke zuwa.

Kada yawan wasanni ya ruɗe ka. Monita a tsaye ta dace da Galaga, ba ta dace da Street Fighter II mai maɓalli shida ba. Sandar sarrafa wasa mai kusurwa takwas tana sa Pac-Man ya ƙi juyawa a kwana, domin an yi shi ne don mai huɗu. Zaɓi wasannin da suka dace da monitarka da sandarka. In kana son ƙarin maɓallai, ƙera sabon faranti, ramin maɓallin Amurka milimita 28, na Japan 30, ka nannaɗe na asalin ka ajiye tare da allon.

Turo mana hoton cikin akwatin ta baya, da na mahaɗin, da lambar da ke jikin shasin monitar, sai mu gane ko wane ne.