Fatawa: Na gaji ciwon suga, ga azumi ya ƙarato

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a cikin garin Katsina, shekarata 48. Ciwon suga ne ajalin mahaifinmu bayan an yanke masa ƙafa, yayata ma tana fama da shi, ni kuma shekara uku ke nan da aka auna aka ce ina da shi. Ina shan ƙwayoyi safe da yamma, bara kuma likita ya ƙara mini allurar insulin. A azumin da ya wuce sau biyu jiri ya ɗebe ni a kan keken ɗinki bayan la'asar, zufa ta karyo mini, hannuna na rawa, amma na daure har aka sha ruwa. Wani abokina ya ce tunda gado ne, ƙaddara ce, in daina wahalar da kaina da awo da ƙaurace wa abinci, in dogara ga Allah. Da gaskiyarsa? Kuma mene ne hukuncin azumina, da allura, da huda yatsa da rana?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ka lafiya kai da yayarka.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a saƙonka shi ne daurewar nan da ka yi bara. Ban yarda ka sake ba. Rawar hannu da zufa mai sanyi da jiri alamu ne na suga ya faɗi, daga nan sai suma, wani ma ba ya farfaɗowa. Malamanmu na Malikiyya sun raba lamarin gida biyu. Mara lafiyar da ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko ya ja lokaci, ya halatta ya sha azumi. Wanda kuwa ke tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa, kamar yadda Shaihu Halilu ya faɗa a Muhtasar: "wa wajaba in khafa halakan au shadida azan." A waɗancan ranaku biyu kana cikin gida na biyu. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kawunanku, kuma a tsakiyar ayoyin azumin kansu, a Baƙara ta 185, ya ce sauƙi yake nufi da ku, ba tsanani ba.

Likitoci sun sa wa abin iyaka. In ka auna suga, na'urarka ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300 (a ma'aunin mg/dL ke nan; in na'urar mai ma'aunin mmol/L ce, ƙasa da 3.9 ko sama da 16.6), ka karya azumin nan take, ko da ladan ya kama hanyar masallaci don kiran magariba. In faɗuwa ya yi, ka sha ruwa da suga ko ka ci dabino, ka sake aunawa bayan minti 15. Daga baya ka rama ranar.

Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Allurar insulin ma haka, don a ƙarƙashin fata ake yin ta, kuma ba abinci ba ce ba abin sha ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da hukuncin irin wannan allura a zamanta na Jidda a 1997. A zamanta na Sharja a 2009 kuma ta kasa masu ciwon suga kashi huɗu, ta ce kashi biyu na farko, cikinsu har da masu yawan faɗuwar suga, da masu wankin ƙoda, da masu juna biyu, dole su ajiye azumi.

Wane kashi kake ciki? Ba ni zan faɗa ba, likitanka ne. Ka je tun da saura wata ɗaya da rabi ko biyu, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko inda katinka yake, ka gaya masa abin da ya faru bara ba tare da ɓoye komai ba. Mai yiwuwa ya sauya maka lokacin magani ko ya rage yawansa, don wasu ƙwayoyin sun fi wasu kayar da suga. In ya ce kada ka yi, kada ka yi. In zai yiwu ka rama da hunturu, lokacin da yini ya gajarta, ka rama. In ciwon ya kai ba za ka iya ba har abada, babu ramuwa, sai ciyarwa, mudun Annabi ɗaya na gero ko shinkafa ga miskini a madadin kowace rana. A Malikiyya mustahabbi ne, a wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya wajibi, ni kuma ina ba ka shawara ka yi.

Sai maganar abokinka. Gado ƙaddara ce, wannan gaskiya ne, babu wanda ya zaɓi jinin da ya fito daga ciki. Amma neman magani ma ƙaddara ce. Lokacin da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce: e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, ya kuma ce ku nemi magani, bayin Allah. Abin da ka gada shi ne saurin kamuwa. Yanke ƙafa da makanta da lalacewar ƙoda kuwa, galibi sugan da aka bari ya daɗe a sama ne ke jawo su. Don haka barin magani da gangan, ga wanda ya san barinsa zai cutar da shi, bai halatta ba. Haka nan ajiye shi saboda wani mai lasifika a bakin kasuwa ya yi alkawarin warkarwa cikin mako guda.

Na san yadda shagon tela yake a goman ƙarshe: ɗinkin sallah jibge, a kwana a kan keke, kofin shayi mai kauri yana zagayawa har asuba. Ga buɗa-baki irin namu, kunun tsamiya da aka ɗura wa suga, lemon kwalba, ƙosai, sannan tuwon shinkafa ya biyo baya. Mutum ya yini sugansa na ƙasa, ya kwana yana sama. Dabino ɗaya ko biyu da ruwa sun cika maka sunna. Ka yawaita zogale da rama da wake, ka rage malmalar tuwo, ka jinkirta sahur, ka taka da ƙafa zuwa tarawihi.

Kuma tunda ka ga abin da ya sami mahaifinka, duk alwalar da ka yi ka duba ƙafarka, ka goge tsakanin yatsu su bushe, kada ka taka ƙasan shago babu takalmi, don allura da fil ba sa rabuwa da wurin. Ƙaramin rauni in ya ƙi warkewa, ka kai shi asibiti a makon nan. Ƙannenka da manyan 'ya'yanka su ma su je a auna su.

Allah ne mafi sani.