Ba laifin Corolla ba ne, Alhaji

Assalamu alaikum jama'a. To Alhaji, na saurari saƙonka, wai wace mota za ka canza, tunda Corollarka ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai shekara biyu kacal da sauko da ita daga Kwatano. Ka yi haƙuri, girmanka ne, amma ko Hilux ka saya haka za ta ƙare, don na taɓa zama a gefenka na ga tuƙinka.

Da asuba kana tayarwa kake danna totur, wuuu, wai kana ɗumama ta. Alhaji, baƙin mai ya kwana a ƙasan inji, bai gama hawa sama ba, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ka ba ta minti ɗaya... a'a, ba cewa na yi ka bar ta rabin awa tana ruri a ƙofar gida ba, wannan ma ɓarna ce. Minti ɗaya, ka ja a hankali har allurar zafi ta tashi.

Sai wannan ɗabi'ar da ta shigo tun da aka cire tallafin mai a 2023, mutum yana rarrafe cikin cunkoso amma yana giya biyar, wai tattalin fetur. Inji na kakkarwa, yana ƙwanƙwasa, shi ko a jikinsa. Abin da ka tara a gidan mai, gareji za ka kawo mana shi.

Ƙanena fa, Golf na ba shi, lafiyayya, yana jigilar Kano zuwa Zariya. Ƙafarsa kullum a kan kuloci kamar an ɗaure ta. Lodi har but ba ya rufuwa. Rannan wajen Kwanar Dangora allura ta kai ja, maimakon ya tsaya, wai bari ya ƙarasa tasha. Da ya tsaya kuma ya kwarara ruwan sanyi a lagireto tana tafasa. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa, ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Har yau Hajiya cewa take ni na ba shi ruɓaɓɓiyar mota. Ni! Sisi bai biya ni ba, ko haƙuri... to bar wannan.

Me nake cewa? Yawwa, juye, wato canjin baƙin mai. Da ƙurar nan tamu ta hunturu kada ka wuce kilomita 5,000, kuma a riƙa duba matatar iska. Ka kawo ta gobe bayan Azahar in ji ƙararta, wataƙila ringi ne kawai, wato zoben fistin da ke tare baƙin mai.