Amsa: Kwana biyu a cikin birnin Kano da yara

Malam, ka ce kwana biyu kawai gare ku, da uwargida da yara uku, kana tambayar ta inda za ku fara.

Ku fara da Dutsen Dala, amma da sassafe, kafin ƙarfe 8. Babu inuwa a samansa, kuma matakalar na da tsayi. In rana ta ɗaga, ƙaramin yaro zai gaji a tsakiya, sai dai a goya shi. Kowa ya riƙe gorar ruwa. Daga sama za ku hango Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci.

In kun sauko, ku shiga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa. Mota ba ta shiga lungunanta, ku hau adaidaita sahu, a yi ciniki kafin a hau. A riƙe hannun yara, don rumfunan sun yi kama da juna, ɓata ba wuya. Kayan fata da na azurfa a taya, kar a biya kuɗin farko.

Washegari Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke kusa da fadar Sarki, sannan marinar Ƙofar Mata, inda ake rini da baba da toka. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, a kuma yi wa marina ɗan ihsani. Kar a sa wa yara fararen kaya.

In Juma'a ce, ku bar wajen fada kafin azahar, cunkoso zai cinye muku yinin.