Shin kifin ɗan sarki zai sake yawaita a ruwayenmu?

Tambaya: Ina sana'ar kifi a kasuwar Kado da ke Abuja. A da ana kawo mana ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni, manya-manya. Yanzu sai a daɗe ba a gan shi ba, in ya zo ma ƙanana ne ga tsada. Ƙarewa yake yi ne, ko akwai fatan ya dawo?

Amsa: Hajiya, bai ƙare ba. Ana samunsa a kogin Nilu, da Neja, da Binuwai, da Senegal, da tafkin Chadi, kuma ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ba ta sa shi cikin kifayen da ke gab da ɓacewa a duniya ba. Amma abin da kika lura da shi gaskiya ne: a ruwayenmu manyansa sun yi ƙaranci, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Rauninsa yana wajen haihuwa. Tarwaɗa kan zuba ƙwai dubu goma-goma ta yi gaba abinta. Ɗan sarki kuwa nasa kamar dubu ɗaya ne kacal, manya-manya. Idan damina ta kankama ruwa ya malale fadama, sai ya shiga cikin ciyawa ya tsinko ta ya haɗa sheƙa mai yawo a saman ruwa, ya tsaya gadi, har cizo yake kai wa duk wanda ya matso. To wannan gadin ne ke tona masa asiri. Masunci ya ga sheƙa, ya san mai ita na kusa. Kama babba ɗaya a wannan lokaci daidai yake da kashe 'ya'ya dubu. Kifin da kan haura mita ɗaya da rabi in an bar shi, yau bai kai ga yin sheƙar farko ba ya faɗa raga mai ƙananan ido.

Sai kuma ita kanta fadamar. Madatsar Kainji tun 1968, da Tiga a 1974, da Shiroro a 1990, duk sun sauya yadda ruwa ke cika da janyewa. A dausayin Haɗeja da Nguru ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke matuƙa. Masu zuba guba a ruwa kuwa ba su barin babba balle yaro.

Kada a dogara ga kiwo tukuna. Ba a iya ƙyanƙyasar ɗan sarki a gona da yawa yadda ake yi wa tarwaɗa ba, yawancin 'ya'yan da ake kiwo daga kogi ake kwaso su.

Fatana yana ga sarakunan ruwa. A Argungu ana rufe kogin Matan Fada, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, shi ya sa ake ciro manyan kifaye a can. Da za a rufe fadamun da yake sheƙa na watannin cikar ruwa, a hana taru a wurin, ina da yaƙinin za a ga canji, ko da yake sai an yi haƙurin shekaru.

Ku ma kuna da ƙarfi, Hajiya. Idan 'yan kasuwar Kado suka haɗa baki suka ƙi sayen ƙanana da masu ƙwai a damina, dillalan da ke kawo muku za su isar da saƙon har bakin ruwa.