Littattafan jan rai da nake so ka fara da su

Ɗana, ka ce labarin fashin nan da kake rubutawa duk wanda ka ba ya karanta sai ya tsaya a babi na uku ya ce zai ƙarasa gobe, shikenan baka sake jinsa, kana tambaya wane littattafai zaka karanta ka koyi riƙe mai karatu. To na duba babukan da ka turo. Harbe-harbe kam akwai su har sun yi yawa, amma ka ɓoye ma mai karatu komai wai don kar ya gano ƙarshe, shi kuma ɗan Adam in bai san wane bala'i ke tafe ba kuma bai damu da wanda zai faɗa ma ba, to me zai hana shi ajiye littafi yaje ya kwanta?

Ka fara da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, yana cikin littattafan farko da suka fito daga Zariya bayan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, ɗan siriri ne zama ɗaya zaka gama shi. Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu yazo da dukiyarsa ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da zasu haifa. Lura da kyau, tun yaron nan Kyauta bai san komai ba mu masu karatu mun riga mun san abinda aka ƙulla masa, iyayensa basu sani ba, saboda haka duk ƙaramar satar da yayi gabanka sai ya faɗi don kasan somin taɓi ne. Wannan shine jan rai, kai ka sani su basu sani ba kuma baka da halin faɗa musu. Bazan gaya maka ƙarshen ba, amma in ka kai can ka dawo baya da fensir ka nemo shafin da aka fara dasa maka tsoron.

Magana Jari Ce ma ka sake karantawa, nasan kun yi shi a makaranta amma wancan karatun jarabawa ne. Littafi na ɗaya, aku na ta zuba labarai don dai ya hana Musa ɗan sarki fita daga fada, waziri kuma na can yana ƙulla makirci, kaga kowane labari kana jin daɗinsa amma can ƙasan ranka tambaya ɗaya ce, yau yaron nan zai fita ko aku zai iya tsare shi har gari ya waye? Abubakar Imam ya sa ma labarin lokaci, dare ɗaya, kuma gobe a sake. Naka ɓarayin ba wani lokaci da ke matsa musu, ko yau suka yi fashin ko baɗi duk ɗaya.

Sai na 1982 guda biyu da suka fi kusa da abinda kake yi, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina kan fasa-ƙwauri da yadda Alhaji Gabatari ke juya mutane da kuɗi, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda wallahi har yau ban ga mugun tauraro a Hausa da ya tsaya min a rai kamar Mailoma ba. Abinda zaka ɗauka a nan, mugu ma sai an gina shi, ka san inda ya fito da abinda ya mayar da shi haka, sannan tsoronsa zai kama ka. Shugaban ɓarayinka ko sunan unguwarsu bamu sani ba.

Ka kuma ce kana sha'awar labaran sararin samaniya amma kana ganin kamar basa shiga da Hausa. Sun shiga tun 1969, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, yaro Kilba da baƙon da yazo daga sama ya tafi da shi yawo. Irin wannan labarin da na aljanu da na yaƙi duk sharaɗinsu ɗaya, in ka kafa doka tun farko cewa abu kaza baya yiwuwa a duniyar da ka ƙirƙira to ka riƙe ta, kar jarumi ya shiga tsaka mai wuya ka ciro masa wata laya da bamu taɓa jin labarinta ba, daga ranar mai karatu ya daina jin tsoro a madadinsa.

In turancinka na ja, nemi And Then There Were None na Agatha Christie, 1939, mutum goma a tsibiri ba hanyar fita ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kaga yadda ake rufe ma taurari ƙofa. James Hadley Chase kuma mu da shi muka tashi, ɗan Ingila ne amma yawancin labaransa a Amurka suke faruwa, da taswira da ƙamus ya riƙa aiki, ka koyi saurin labari da gajerun babuka a wajensa, batsar da ke ciki ka bar masa kayansa.

Yanzu ka ajiye babi na huɗu tukuna. Karanta Jiki Magayi a satin nan, in baka samu ba kazo gida ka ari nawa, sannan ka sake babi na ɗaya yadda zamu ga mai gadin da za'a kashe yana sallama da 'ya'yansa alhali mun riga mun ji ɓarayin sun tsayar da rana, ka turo min in gani.