Amsa: Hauhawar farashi ta ragu, me ya sa kaya ba su sauko ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya yaya masana tattalin arziki ke cewa hauhawar farashi ta ragu alhali cefane kullum sai ƙara tsada yake. Ba ƙarya suke yi ba. Saurin tashin farashi suke aunawa, ba farashin kansa ba. Idan abin naira 100 ya koma 135 bara, bana ya kai 160, a lissafinsu hauhawar ta sauko, kai kuwa aljihunka bai shaida ba.

Akwai kuma batun ma'auni. A Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8. A Janairun 2025 sai ga kashi 24.48, ba don shinkafa ta yi araha a Dawanau ba, sai don an sabunta jerin kayan da ake lissafawa, an kuma mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024. Ni a ganina hukumar ba ta yi wa jama'a bayanin wannan yadda ya kamata ba.

Don haka in masani ya kawo maka adadi, tambaye shi: da wane wata aka kwatanta? Sannan ka nemi na abinci daban, tunda nan yawancin kuɗin talaka ke tafiya.